Tafireta da Ƙugiyar Boko: Sharhi a kan Sha'awar Tara Tsofaffin Kekunan Rubutu

1.0 Gabatarwa

A kudancin Jihar Kano, cikin ƙasar Bebeji, akwai gari mai suna Ƙofa. Wanda duk ya saba duba takardun hukuma ko taswira zai tarar sau da yawa an rubuta sunan nan Kofa, babu ƙugiya a kan harafin farko. Haka nan Ƙaraye ta koma Karaye, Ɗambatta ta koma Dambatta, Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina kuma ta koma Batagarawa. Mutanen garuruwan nan ba su taɓa sauya yadda suke furta sunayensu ba. Abin da ya sauya sunayen a takarda, ban da kunnen Baturen mulki, shi ne wata na'ura da ta yi shekaru da dama tana mulkin teburin akawu, watau tafireta, wadda wasu ke kira keken rubutu.

Na'urar nan ta sauka daga mulki tun da kwamfuta ta shigo ofisoshi. Amma a Amurka da Turai an sami jama'a da suka tashi haiƙan wajen neman tsofaffin kekunan rubutu, musamman manyan nan na ofis waɗanda ba su aiki da lantarki, suna saye, suna gyarawa, suna jin daɗin bugu da su. Sha'awar ta haifar da littattafai da finafinai. Maƙasudin wannan maƙala shi ne auna biyu daga cikin ayyukan nan da ma'aunin mai nazarin Hausa, domin a ga inda suka yi daidai, da inda bin ra'ayinsu ido rufe zai jawo asarar wata shaida da tarihin rubutun boko ke bukata.

2.0 Ayyukan da Ake Sharhi a Kansu

Aiki na farko littafi ne mai suna The Typewriter Revolution, wanda Richard Polt, malamin falsafa a Jami'ar Xavier da ke Cincinnati, ya wallafa a 2015. Littafin ya haɗa tarihin na'urar, da yadda ake zaɓenta, da yadda ake gyaranta, da labarin masu amfani da ita a wannan zamani. Jigonsa shi ne cewa komawa ga tafireta wata irin tawaye ce ga zamanin da na'ura ke raba wa mutum hankali, tana kuma leƙen asirinsa. A ganin Polt, mai bugu da tafireta yana zaune ne shi da tunaninsa, ba mai katse shi, ba mai karanta abin da ya buga sai wanda ya miƙa wa takardar.

Aiki na biyu fim ne, California Typewriter, wanda Doug Nichol ya shirya, aka fara nunawa a 2016. Ya bi rayuwar wani shagon gyaran tafireta a garin Berkeley, ya kuma tattauna da masu sha'awar abin, cikinsu har da ɗan wasan nan Tom Hanks, wanda ya tara kekuna masu yawa, da Martin Howard na Toronto, mai neman na ƙarni na 19, da Jeremy Mayer, wanda ke wargaza kekunan ya ƙera gumaka da sassansu.

Dole ne a yaba wa ayyukan nan biyu. Sun nuna cewa kayan aikin marubuci ba abin rainawa ba ne, kuma sun adana ilmin gyara da ke neman tafiya tare da masu shi. Sai dai dukansu sun ginu a kan wani zato da ba su tsaya sun bincika ba, watau cewa duk harafin da marubuci ke bukata yana nan ƙarƙashin yatsansa. Ga mai rubutu da Ingilishi zaton nan gaskiya ne. Ga Bahaushe kuwa, daga nan matsalar ta soma.

3.0 Shigowar Tafireta da Daidaita Boko

Kamfanin Remington na Amurka ya fara sayar da keken Sholes da Glidden a 1874, kuma daga gare shi ne tsarin madannai da ake kira QWERTY ya samo asali. An tsara shi ne domin haruffa 26 na Ingilishi. Da Turawan Ingila suka kafa mulki a Arewa a farkon ƙarni na 20, tafireta ta biyo su cikin kayan ofis, daga baya ta shiga ofisoshin En'e da makarantu da kamfanoni. Waɗanda suka fi yawa a teburan akawuna su ne na Imperial daga Leicester ta Ingila, da na Olympia daga Jamus, da na Olivetti daga Italiya. Manyan na ofis kan kai nauyin kilo 15 ko fiye, ƙarfe ne zalla, an yi su don su yi shekaru ana duka.

A daidai lokacin nan ne ake fafutikar daidaita rubutun boko. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Babbar damuwar masu tsara boko na farko ita ce sautukan nan uku da Ingilishi ba shi da su. An gwada sa ɗigo a ƙarƙashin b da d da k, an kuma gwada sa waƙafi a gefensu. A cikin shekarun 1930, lokacin da Dokta Rupert East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da shawara a kan haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, bisa shawarar masanin nan na Jamus, Diedrich Westermann. Hukumomin da suka biyo baya, kamar Kamfanin Gaskiya (1945) da Hukumar Harshen Hausa (1955) da Kamfanin NNPC (1966), duk a kan wannan turba suka tafi, taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 kuma ba su ture ta ba.

Shawarar nan ta dace da harshe, ta kuma dace da maɗaba'a, domin maɗaba'a tana iya sayo dalmar kowane harafi ta ajiye a akwati. Littattafan da aka buga a Zariya suka riƙa fitowa da ƙugiyoyinsu cif. Amma ba ta dace da tafiretar da ke teburin akawu ba. Tun daga nan boko ya rabu gida biyu: akwai na ɗab'i, mai cikakkun haruffa, akwai kuma na ofis, wanda ke ɗingishi.

4.0 Huɗu na Zaman Banza, Uku Babu

Idan aka dubi madannan tafiretar Ingilishi da idon Bahaushe za a ga abin mamaki. Haruffa huɗu, watau p da q da v da x, ba su da aiki a cikin kalmomin Hausa na asali, amma kowannensu yana da madanninsa. Haruffa uku da Hausa ba ta iya yi sai da su kuwa babu ko ɗaya. Cire huɗun a sa ukun ba shi yiwuwa, domin keken da zai buga sanarwar Hausa da safe shi ne zai buga wasiƙar Ingilishi zuwa Kaduna da rana. Saboda haka masu bugu suka bi ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu.

Ta farko, kuma mafi yawa, ita ce a yi ko oho da ƙugiyar, a bar mai karatu ya cike da kansa. Ta biyu ita ce a gama bugu sarai, sa'an nan a ɗauki alƙalami a bi takardar layi layi ana lanƙwasa kan kowane harafi da hannu. Wanda ya taɓa buɗe tsofaffin kundayen digiri na sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato ya san irin wannan aiki, ya kuma san yadda ƙugiyoyin kan ragu idan aka doshi ƙarshen kundi, lokacin da ido ya gaji. Ta uku ita ce a koma wa waƙafin da aka bari tun shekarun 1930, a buga shi a gefen harafin, abin da ke rikita shi da alhamza da kuma 'y. Ta huɗu, wadda sai 'yan ofisoshi kaɗan masu hulɗa da Hausa kullum suka samu, ita ce a yi wa keken kansa aiki. Kowane harafi yana zaune ne a kan ɗan guntun ƙarfe da aka like da dalma a bakin sanda. Makaniki kan narka dalmar, ya cire alamar da ba a faye amfani da ita ba, kamar su ½ da ¼ da ¾ da kekunan Ingila ke da su, ya like harafi mai ƙugiya a gurbinta. Madanni uku sun isa, tun da kowane madanni yana ɗauke da babban harafi da ƙaraminsa.

Masana ma ba su tsira ba. Nuna tsawon wasali da karin sauti yana bukatar madanni mai buga alama ba tare da ya matsar da takarda ba, kuma ba kowane keke ke da shi ba. Ba abin mamaki ba ne da al'adar ninka wasali domin nuna tsawo ta yi ƙarfi a rubuce-rubucen nahawu na wancan zamani, don kuwa kowace tafireta tana iya buga a sau biyu. Matsalar ta kai har a 1982 Michael Mann da David Dalby suka ba da shawarar wani tsarin madannai domin harsunan Afirka, wanda ya yar da manyan haruffa ɗungurungum don a sami gurbin baƙaƙen da ake bukata. A Nijeriya kuma, cikin shekarun 1980, Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa na bai-ɗaya domin harsunan ƙasar, bisa shawarar Kay Williamson. Kafin ƙoƙarin nan ya kai teburin akawun ƙaramar hukuma, zamanin tafireta ya riga ya doshi faɗuwa.

Ba adalci ba ne a ɗora wa na'urar laifi kawai a manta da alherinta. Da ita aka buga sitansil na takardun jarrabawa da na darussan yaƙi da jahilci, da waƙoƙin da mawallafansu ba su sami maɗaba'a ba, da wasannin kwaikwayo na rediyo. Da ita masu zama a bakin kotu da gidan waya suka riƙa buga wa talaka takardar rantsuwa da ta cinikin gona. Adabin kasuwar Kano, wanda ya kunno kai a shekarun 1980, bai rasa nasaba da sauƙin da ta kawo ba. Ta yaɗa boko inda maɗaba'a ba ta kai ba, amma bokon da ta yaɗa mai giɓi ne. Abin takaici shi ne giɓin ya fi na'urar tsawon rai. Tun farkon shekarun 1990 haruffan nan uku suka shiga tsarin Unicode, yau kuma wayar hannu tana iya buga su, amma ido ya riga ya saba da rashinsu.

5.0 Abin da Wannan ke Nufi ga Mai Nazari

Wani zai ce ai ma'ana tana fitowa daga jimla, Bahaushe ba ya ɓata don an cire ƙugiya. Sau da yawa haka ne. Amma a dubi waɗannan:

(a) Ya gaji da fada.
(b) Saboda baki aka kore shi.

A jimla ta (a), ko dai bafade ne ya gaji da zaman fada, ko kuwa mutum ne ya gaji da faɗa. A ta (b), ko dai bakinsa ne ya ja masa, ko kuwa baƙi aka yi aka ce ya ba su wuri. Nahawu bai raba gardamar ba, domin kowace fassara daidai take. Idan irin wannan jimla ta faɗo a takardar shari'a, ko a baitin waƙa wanda mawallafinsa ya riga mu gidan gaskiya, to mai tace matani yana cikin aiki.

Saboda haka takardar Hausa da aka buga da tafireta tana ɗauke da hannu uku, ba ɗaya ba: hannun marubuci, da na mai bugu, da na mai sa ƙugiya. Na biyun yana iya zama wanda Hausa ba harshensa ba ne, kamar yadda akawuna da yawa na zamanin Turawa suke. Na ukun yana iya zama ɗalibi ko ƙanen marubucin. Mai nazarin da ya ɗauki kowane harafi a takardar a matsayin nufin marubuci zai gina hukunci a kan kuskuren wani. Haka kuma mai nazarin karin harshe da ya ga waƙafi a gefen d bai kamata ya yi saurin cewa takardar ta girmi shekarun 1930 ba, domin mai yiwuwa keken ne kawai ba shi da ɗ.

A nan ne sanin na'urar ke zama ilmi. Kowace tafireta tana da tabonta: wani harafi ya ɗan karkace, wani ya guntule, wani yana sauka ƙasa da layi. Masu binciken takardun jabu sun daɗe suna gane keke ta wannan hanya. Kowace kuma tana da lambar da kamfani ya buga a jikinta, masu tarawa na ƙasashen waje kuwa sun yi wahalar haɗa jadawalin lambobin nan da shekarun ƙira. Idan aka sami keken wani ofis, aka san shekarar da aka ƙera shi, aka gwada bugunsa da na wata takarda marar kwanan wata, to an sami shekarar da takardar ba za ta girme ta ba. Wannan ita ce babbar gudummawar da masu sha'awa suka bai wa masu nazari, ko da ba da nufi ba.

6.0 Gyara: Inda Aka Dace da Inda Aka Kauce

Shawarwarin gyara da ke yawo tsakanin masu tarawa akasarinsu nagari ne, wasu ma sun fi amfani a ƙasar Hausa bisa inda aka rubuta su. Alal misali, suna hana zuba mai a tsagogin da sandunan haruffa ke motsi, domin mai yana kama ƙura ya zama danƙo. A ƙasar da ake hunturu da buji, wannan gargaɗi ya fi ƙarfi. Suna koyar da wanke bakin haruffa da buroshi, da sauya ƙyallen tawada a kan tsohon kwarkwaronsa, da sabunta igiyar da ke jan takarda idan ta tsinke, da sake robar sandar da ake naɗa takarda idan ta bushe ta yi tauri. Duk waɗannan ayyuka ne da mai gyaran keken ɗinki ko mai gyaran agogo zai iya koya cikin ɗan lokaci.

Inda aka kauce shi ne a manufar gyaran. A wurin yawancin masu tarawa, keke mai daraja shi ne wanda ya fi kama da ranar da ya fito daga kamfani: fentinsa sumul, haruffansa a daidaice, babu baƙon ƙarfe a jikinsa. Idan aka bi wannan ma'auni da keken da ya yi aiki a ƙasar Hausa, to duk abin da ya sa shi zama shaida za a goge. Harafin ƙ da wani makaniki ya like a gurbin ½ zai zama aibi da za a cire. Lambar ofis da aka rubuta da farin fenti a gefe, wadda ita kaɗai ke faɗin inda keken ya zauna, za a kankare ta. Harafin da ya karkace, wanda da shi za a gane takardun da keken ya buga, za a miƙe shi. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Fim ɗin Nichol ma ya nuna mai wargaza kekuna don yin gumaka cikin sha'awa da yabo, abin da za a iya yi wa uzuri a ƙasar da aka ƙera miliyoyinsu iri ɗaya. Keke mai ƙugiyar Hausa kuwa ba shi da yawa tun asali, kuma babu mai ƙera wani. Masana'antun Imperial na Ingila sun rufe a 1975, kamfanin Godrej na Indiya, wanda ke cikin na ƙarshe masu ƙera manyan na ofis, an ba da labarin dainawarsa a 2011.

Haka nan batun 'yancin da Polt ke gani a tafireta yana bukatar gyaran fuska. A ƙasar Hausa ba marubuci ne ya fi zama a gabanta ba, akawu ne. Marubuci kan rubuta da hannu ya kai a buga masa, ya biya, ya karɓi abin da aka ba shi. Manomin da ya je neman takardar gona bai san kaɗaici da tunani a gaban na'ura ba, ya dai san jira a bakin ofis. Jin daɗin ƙarar madannai da ƙararrawar ƙarshen layi halal ne ga mai sha'awa, amma ba shi ne tarihin na'urar a nan ba.

7.0 Kammalawa

Haɗarin da ke fuskantar tsofaffin kekunan rubutu a ƙasar Hausa ya fi na mai gyara da ya wuce gona da iri kusa, domin keken ofis ƙarfe ne mai nauyi, 'yan gwangwan kuma da kilo suke saye. Duk wanda ya rage a ɗakin ajiyar wata makaranta ko kotu ko sakatariya a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, ranar da aka ce a share ɗakin ita ce ranarsa ta ƙarshe.

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya ba da shawara uku. Ta farko, sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi su sa ɗalibansu su bi ofisoshin yankunansu su rubuta kekunan da suka rage: sunan kamfani, da lamba, da ofishin da ya mallaka, da hoton madannai, da shafi guda na bugun dukan haruffa. Ta biyu, duk keken da aka samu da harafi mai ƙugiya, ko wanda aka san takardun da ya buga, a nemi a kai shi wurin adana kamar Gidan Makama, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa, inda Vischer kansa ya zauna, tare da samfurin takardunsa. Ta uku, a tsaya a kan gyaran da zai sa keke ya yi motsi, a bar masa tabonsa. Tsofaffin masu bugu da makanikan da suka yi wannan aiki ma ya kamata a zauna da su a ɗauki bayaninsu tun suna raye, domin su kaɗai suka san wane ofis ne ya taɓa mallakar keke mai ƙ, da kuma wanda ya like masa ita.